Ɗalibin Ranar Asabar

"Wata uku Baba ya ƙi ko kallon fuskarka, amma kai ko a jikinka!"

Auta ce tsaye bakin ɗan ɗakin da saurayinta ke koyar da jita, idonta ya ciko. Mai Jita, kamar yadda kowa ke kiransa, ya matso mata da kujera.

"Haba rabin raina, zauna mana..."

"Ba zan zauna ba! Ya ce ba zai ba makaɗi 'yarsa ba, kai kuma kullum a yi haƙuri, a yi haƙuri. Haƙurin nan ci ake yi?"

"Mahaifinki ne, Auta. Ba zan raba ki da shi ba."

Ta zauna tana share hawaye. Ita dai ta shiga tsaka mai wuya: tana son wannan bawan Allah kamar ranta, amma ba za ta iya auren da Baba bai sa wa albarka ba.

Don ya sa ta dariya ya ce, "In haƙuri kike son gani, zo ran Asabar ki ga wani dattijo ɗalibina. Sati shida, sauti biyu ya kasa haɗawa. Ga faɗa! Kafinta ne, injin katako ya guntule masa yatsu biyu na hagu. Sai na kwance wayoyin jitar shida na juya su, ya riƙa dannawa da dama."

Auta ta miƙe zumbur.

"Yana maƙala fensir a bayan kunne?"

"Ƙwarai. Ya aka yi kika..."

"In ya fusata yana cewa 'kai yaro'?"

Mai Jita ya gyaɗa kai.

"Na shiga uku! Baba ne! Me ka faɗa masa?"

"Ya tambaye ni abin da ya hana ni aure... ni kuwa na zazzage masa komai."

Ta fice, ko jakarta ba ta ɗauka ba. Tana tafe tana tuntuɓe, zuciyarta na ce mata shi ke nan, an gama.

Tun daga bakin shagon Baba ta jiyo wani sauti kamar ana jan ƙofa mai tsatsa. Ta leƙa. Ga shi zaune kan benci cikin garin katako, ya rungume jita, ya ciji leɓe, gumi na tsiyaya. Yana ganinta ya yi wuf zai tura ta bayan alluna.

"Na riga na gani, Baba."

Ya yi gyaran murya. "To, kin gani. Zo ki zauna."

Ta durƙusa gefensa.

"Shekara arba'in ban taɓa sayen katako don mai shi ya yabe shi ba," in ji shi. "Sai na sa masa zarto na ga cikinsa. Ke kin yabi yaron nan har kunnena ya gaji. Ni kuwa na je ne in ga yadda yake fushi."

"Baba..."

"Na tsinka masa waya uku. Na zo a makare. Na ce masa bai iya koyarwa ba. Wallahi ko tsaki bai yi ba!"

Ya ɗaga guntulallen hannunsa ya ƙura masa ido.

"Kowa ya ga hannun nan sai ya ce sannu ya kau da kai. Shi kuwa yaron nan ya juya shi, ya duba, ya ce, 'Baba, ba hannunka za mu canja ba, jitar za mu canja.'"

Hawaye suka ziraro wa Auta.

"Da ya ba ni labarinki, sai na ce masa uban yarinyar nan mugun tsoho ne, ya rabu da shi. Kin san me ya ce?"

Ta girgiza kai.

"Ya ɓata rai, karo na farko ke nan da na ga fushinsa. Ya ce kada in ƙara. Wai mutumin da ya raine ki shi kaɗai tun rasuwar mahaifiyarki yana da ikon jin tsoro." Baba ya dube ta. "Tsoron ne kuwa, Autata. Ba ƙiyayya ba ce."

Ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka, irin kukan wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Ya dafa kanta.

"Ki ce masa ya turo manyansa. Na ba shi."

Sai da ta yi mai isarta, sannan ta ɗago tana dariya cikin hawaye.

"Amma Baba, duk kuskuren nan na sati shida da gangan kake yi?"

Ya sosa ƙeya, ya harari jitar.

"Satin farko ne da gangan. Sauran kuwa... ke, abin nan da wuya! Ki gaya wa surukin nawa, darasin Asabar yana nan. Ba zan je bikin 'yata da sauti biyu ba."