Hoton Farar Mota

"Kwashe kayan aikinka ka bar mini wajen nan!"

Muryar Yaya ce ta cika filin da muke sayar da motoci. Na fito daga ofis a guje, na tarar da mai fenti tsaye, kansa a sunkuye.

"Yaya, me ya yi?"

"Tambayi dillali! A gabansa ya lotsa ƙofar farar motar nan. Ga mai saye ya taso daga nesa, ya koma yana zagina!"

Dillali ya kauda ido. Tun da na ce ba na son shi yake neman hanyar da zai kayar da mai fenti. Shi kuma Yaya dama ya rantse ba zai ba da ƙanwarsa ga mai yini cikin ƙura ba.

Mai fenti ya dube ni sau ɗaya, ya fita...

Ni ke ɗaukar hotunan motocin da waya ina sawa a shafinmu. Da can in na ɗauki farar mota a rana, sai ta fito fau kamar takarda. Mai fenti ne ya tsaya bayana wata safiya.

"Auta, haske ya yi yawa. Danna jikin motar ki riƙe... yawwa. Kin ga 'yar alamar ranar nan? Ja ta ƙasa a hankali."

Na ja. Sai ga mota ta fito sarai, har layin ƙofarta.

"Kai! Ashe kai malami ne?"

"Naki ke kaɗai, rabin raina."

Daga nan zuciyata ta tafi.

Yau da Yaya ya kore shi, ina share hawaye na hau binciken wayata. Na gano hotunan ranar da aka sauke motar, lokacin mai fenti yana gida da zazzaɓi. Na miƙa wa Yaya.

"Duba ƙofar. Duba kwanan wata."

Ga lotsawar nan ɓaro-ɓaro.

"To hoton da mai saye ya gani a shafinmu fa?" in ji Yaya.

"Dillali ne ya cire nawa ya sa nasa. Ya ƙure hasken don kada ta fito."

Yaya ya juya a hankali. Dillali ya fara kame-kame, "Ai... ai dabarar kasuwa ce..."

"Fita!"

Da yamma Yaya ya sa ni a gaba har ƙofar gidan mai fenti.

"Na zalunce ka, ka yafe mini," in ji shi. Ya share gumi. "Kuma... ka turo manyanka."

Na rufe fuska da mayafi.

Ranar da na tare, Yaya da kansa ya ja motar. Da muka tsaya ya ce, "Auta..."

Sai ya fito, ya zagayo, ya buɗe mini ƙofa.