Magen da Ba Ta Ji

"Wallahi na gaji, Gwaggo! Na gaji!"

Auta ta durƙusa a tsakiyar kicin ta rungume tsohuwar magen da ke ta karkarwa, jini na tsatsafowa daga kunnenta. Ƙananan maguna uku sun haye saman firij suna leƙe, kamar ba su suka yi aika-aikar ba.

"To ki kyautar da ita mana," in ji Gwaggo. "Ga kurumta, ga tsufa. Kin rasa miji saboda ita, yanzu kuma lafiyarki za ki rasa?"

Auta ta ƙara rungume magen. Tsohuwa, kamar yadda suke kiranta, magen marigayi Babanta ce. Tun da kunnenta ya mutu ba ta jin tahowar kowa. Ƙananan su faɗo mata ta baya da wasa, ita kuwa ta firgita ta kai yakushi, sai faɗa ya kaure. In an kulle ta ita kaɗai, ta yi ta tsala kuka, don ko muryar kanta ba ta ji. Haka Auta za ta dawo daga shagon ɗinki baya na ciwo, ta ɗora da rabon faɗa.

Asibitin dabbobi ɗaya ne a unguwar, likitan ma ɗaya.

Shi ɗin dai... wanda saura kaɗan a ɗaura musu aure.

Da ta kai Tsohuwa wurinsa, ta tarar ya rame. Ya miƙa wa magen hannu ta gaba, sai da ta shinshina sannan ya fara wanke ciwon.

"Ashe ka damu da ita?" in ji Auta. "Kai da ka ce in zaɓa, ko kai ko ita?"

Audugar ta faɗi daga hannunsa.

"Ni? Wa ya gaya miki?"

"'Yar ƙanwar Mamanka. Har shago ta same ni."

"Innalillahi... Ni kuma ce mini ta yi kin rantse ba za ki zauna gida ɗaya da Mama ba."

Kowa ya san yarinyar ta daɗe tana son sa.

"Me ya hana ki tambaye ni, masoyiyata?"

"Gajiya," ta ce, hawaye na zuba. "Ko ƙarfin yin faɗa da kai ba ni da shi."

Washegari da la'asar likitan ya yi sallama ɗauke da kwando. Wani ƙaton muzuru ne a ciki, dattijo mai sanyin jiki, wanda masu shi suka ƙaura suka bar masa.

"Ragin mage muke nema!" Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ƙari ka kawo mana!"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Tsohuwa ba abokin wasa take nema ba. Wanda za ta jingina da shi take so."

Kwanaki suka yi ana raba su da ƙofa, suna shinshinar juna ta ƙasa. Ranar da aka buɗe, muzurun ya zagayo ta gabanta a hankali, ya kwanta ya ba ta baya. Tsohuwa ta daɗe tana hararar sa. Can ta matsa ta manna jikinta da nasa. Daga nan in ƙananan suka taho, shi zai ɗaga kai, ita kuma motsinsa ya sanar da ita. Firgitar ta ƙare, kukan ma haka.

Maman likitan ce ta rage.

"Matar da za ta cika mini kujeru da gashi? Ban yarda ba!"

Bai ɗaga mata murya ba, bai kuma janye ba. Da ƙaryar 'yar ƙanwarta ta fito fili, kunya ta sa ta sauko, amma da sharaɗi: mage ba za ta taka ɗakinta ba. Aka yi aure. Ƙananan suka zauna wurin Gwaggo, dattawan biyu suka bi amarya.

Wata rana Auta ta dawo daga shago a gajiye, ta ji magana ƙasa-ƙasa a ɗakin Mama. Ta leƙa.

Tsohuwa ce kwance a cinyar Mama, muzurun a gefe, Mama na shafa ta tana kai mata ƙarar ɗanta da ya ƙi gyara mata fanka.

Suka haɗa ido. Mama ta tsuke fuska.

"Me kike kallo, 'yata? Ita kaɗai ce a gidan nan nake yi wa magana ba ta mayar mini."