Ragowar Gari A Bakin Inji

"Ka tambayi Goggo abin da take ba ta! Ka tambaye ta, Abban Ilham!"

Muhibbat ce ke ɗaga murya. Tana rungume da 'yarta Ilham, wadda cikinta ya sake kumbura, ga zawo tun safe.

Mijinta Zakiyyu ya daskare da makullin mashin a hannu. Mahaifiyarsa fa ake nufi, kuma ga ta nan zaune a tabarma.

Tun da likita ya ce cikin yarinyar ba ya ɗaukar alkama ko ƙanƙani, Muhibbat ta zama soja a gidansu na Akurba. Burodi, taliya, cincin, duk ta kore su. Sai kunun gero da ots, hatsin Turawan nan da likita ya amince da shi. Amma ciwo ya ƙi tafiya. To wa ke goya Ilham har bakin titi wajen masu shayi da burodi? Goggo.

"Haba masoyiya, Goggo ce fa..."

"Na sani! 'Yata ce kuma take ƙarewa a hannuna!"

Goggo Bafulatana ce, ba a ganin hawayenta. Ta ɗaure kayanta, ta shafa kan jikarta ta ce, "Ƙawata, Allah ya ba ki lafiya." Ta koma ƙauyensu Adogi.

Daga ranar Zakiyyu ya daina dariya a gidan. Abin tashin hankalin, Goggo ta tafi amma cikin Ilham bai sauka ba.

Muhibbat ta saba ajiye bokitin geronta wajen Torkuma mai injin niƙa ta wuce kasuwa, in ta dawo ta ɗauka. Rannan ruwan sama ya tsare ta a rumfar injin. Tana kallo wata mata ta kwashe niƙanta. Torkuma ko kakkaɓe injin bai yi ba, ya juye geron Muhibbat da ots ɗin a kai.

Muhibbat ta matsa kusa da shi.

"Tsaya! Me ka niƙa mata yanzu?"

"Alkama ne, Madam. Alkaki zai yi, biki," in ji shi da 'yar Hausarsa.

"Alkama?! A injin nan?"

"Ah-ah, kullum mana! Kowa nan yana niƙa. Ragowar wancan ya shiga naka, naka ya shiga na wani. Wetin? Mene ne?"

Innalillahi! Ta zauna a kan buhu. Ashe da hannunta take dama wa 'yarta cutar, har tana lallashinta ta shanye!

Ta kira Zakiyyu a waya tana kuka. "Ba Goggo ba ce... wallahi ba ita ba ce! Ni ce, Abban Ilham!"

Ya ce, "Ki shirya Ilham. Ga ni nan."

A Adogi suka tarar da Goggo a gindin mangwaro. Muhibbat ta durƙusa, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Goggo ki yafe mini... na zalunce ki."

Tsohuwar ta saurari zancen inji tana riƙe da baki. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ɗaki ta shiga, ta fito da ƙwarya cike da garin gero mai laushi.

"Ni ban iya inji ba, 'yar nan. A turmina na daka, ba abin da ya taɓa shiga cikinsa sai gero. Kullum sai na daka sabo, ko za ku kawo mini ita."

Sai a lokacin Muhibbat ta lura da tafin hannun Goggo, duk taɓarya ta saɓule shi. Ta kama hannun ta kifa fuskarta a ciki tana kuka.

"Ya isa," in ji Goggo. "Tashi ki hura wuta, ƙawata na jin yunwa."