Sharar da Ta Biyo Direba Gida

Direban motar shara yana wanke hannu a bakin randa, magariba ta kawo jiki, sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ya ɗauka jifan yara ne. Abin ya gangaro ya faɗi tsakar gida: tsohon takalmi ne ƙafa ɗaya, duk laka. Kafin ya sunkuya, fasasshiyar buta ta biyo baya, sai gwangwanin madara, sai tsumma. Ya leƙa waje. Layin shiru, ko akuya babu.

Gidan nan kuwa an san shi da tsabta. Matarsa mace ce da ko tsinke ta gani a ƙasa sai ta yi mita. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon sama.

"Baban Auta, yau kuma aikin ne ya biyo ka gida?"

Da wasa ta faɗa, amma bai yi dariya ba. Ya gane butar. Da hannunsa ya jefa ta mota da safe.

Haka aka dinga yi kullum. Rana na faɗuwa sai jifa, ba dutse ko ɗaya, shara zalla. Wari ya cika gidan har maƙwabta suka fara toshe hanci a ƙofa. Wata maƙwabciya ta shigo jaje, ta hango tsohon fo ɗin kashin jaririnta a gindin bango, ta fita ko sallama babu. Direba ya daina zama majalisa. Ya san inda kayan suke fitowa, ya ja bakinsa ya yi gum.

Sai abin ya koma kan Auta, 'yarsu 'yar sakandare. Wata yamma ta zauna bakin ƙofa da kayan makaranta, ta ƙi ci, ta ƙi magana. Ƙafafunta sun yi dumu-dumu da baƙar laka, alhali daga makaranta ba ta biya ko'ina ba. Da aka taɓa ta, ta ɗago da wasu idanu da ba nata ba.

Aka ɗauko malam mai ruƙiyya, dattijo mara hayaniya. Ya zauna kan tabarma ya fara karatu a hankali. Ɗakin ya yi sanyi. Can jikin yarinyar ya ɗauki rawa, wata murya ta tsufa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Ba faɗa ya kawo ni ba."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ni mazaunin tsohon tafki ne. Ina wurin tun garin nan bai da bango ko ɗaya. Saboda ruwan nan kakanninsu suka sauke kaya suka kafa bukkoki. Da aka jawo famfo suka manta da mu, tafkin ya ƙafe, ban ce uffan ba. Yanzu kuma mota guda ake juye mini a ka. Ga mai juyewar nan."

Direba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Matarsa ta juyo ta zuba masa ido.

"Ba hukuma ta ware juji a bayan gari ba?" in ji malam.

"Ta ware," in ji direba, murya ƙasa-ƙasa.

"Abin da ya hana shi zuwa can nake son ji," in ji muryar. "Mutumin nan ya sha ruwan tafkina yana yaro. Ba rago ba ne, na sani. Ya faɗi dalili, ya kwashe abin da ya zuba, in tafi."

Direba ya daɗe yana murza hularsa. Da duka aka ce za a yi masa, da ya fi masa sauƙi.

"Hanyar juji ta ƙofar makarantar su Auta take bi," ya ce. "Lokacin da nake wucewa, lokacin ake tashin su. Wata rana na danna mata ham, na ɗaga hannu. Tana cikin ƙawayenta. Sai ta kau da kai, ta toshe hanci kamar yadda suka yi. Ban ga laifinta ba, wallahi. Na dai ce ba zan sake ba ta kunya ba. Shi ne na sauya hanya."

Hawaye suka zubo daga idanun yarinyar, muryar kuwa ba ta yi rawa ba.

"Wannan kukan ba nawa ba ne. Tana jin ka."

Malam ya sa aljanin ya yi alkawarin barin yarinyar har abada. Ya ce ya yarda, muddin aka fara kwasa gobe. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Da ta farfaɗo ba ta tambayi abin da ya faru ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Uba da 'ya suka kwana a gida ɗaya, kowa na tsoron haɗa ido da ɗan'uwansa.

Da safe ya ɗauki shebur da manjagara ya fita inda yake ajiye motar. Yana buɗe ƙofa ya tarar da Auta zaune a gaba, da fararen kayan makaranta, jaka a cinya, kanta a sunkuye.

"Auta, sauko. Za ki yi wari."

"Baba, ka sauke ni a bakin get," ta ce. "Kuma ka danna ham."