Cikin Da Raihana Ta Ɓoye

"Inna, kar ki buɗe zanen!" in ji Raihana.

Ina! Uwar mijin nata ta riga ta yaye. Bayan jaririyar a buɗe yake, da wani ƙullutu ja kamar ɗanyen nama. Inna Mariama ta ja da baya tana salati.

"Mi na gaya wa Mudassir? Na ce kar ya ɗauko muna mai ciwon sukari!"

Ta kuwa faɗa. Mudassir ɗan kabu-kabu ne a Gidan Amumune, sai da ya ɓata da danginsa kaf kafin ya auri Raihana. Da ta samu ciki, kunyar ɗan fari ta rufe mata baki, ko shi ba ta gaya wa ba. Ta je awo ƙawayen Inna su gan ta? Allah ya kiyaye! Har maganinta ta daina sha, wai kar ya taɓa cikin. Sai da ciki ya fito fili aka kai ta likitar Mayahi, ungozomar ta riƙe haɓa.

"Raihana, a watannin farko ake halittar yaro. In sukari zai yi ɓarna, ya riga ya yi."

Jaririyar ba ta kai ranar suna ba, a hanyar kai ta likitar Maraɗi ta cika.

Ana tashi daga zaman gaisuwa Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki ta dubi Mudassir.

"Ka ba ta takardarta ta koma garinsu Kona. Ba za ta cika muna gida da nakasassu ba."

Raihana ba ta yi musu ba, ta hau ɗaure kayanta, nono na jiƙa mata riga. Baƙin ciki ya hana ta ko hawaye.

Mudassir ya shigo ya riƙe ƙullin.

"Ina za ki, sahibata?"

"Sakar mani... Ni na kashe ta, Mudassir! Ni na ɓoye!"

Ya durƙusa a gabanta, idanunsa jajir.

"Kina tsammanin ban sani ba? Tun kina amai bayan rumbu na gane. Na ga maganinki bai raguwa. Kullum in ce yau zan yi maki magana, kunya ta hana ni..."

Ya juya ya dubi Inna.

"Inna, in za a kori wanda ya yi shiru, mu biyu za ki kora."

Sai a lokacin kuka ya zo wa Raihana. Ta kifa kai a kafaɗarsa, a gaban Inna, tana kiran ɗiyarta.