Sha Ɗaya da Minti Biyar

Ƙarfe biyu saura na ranar Laraba aka kira komisariyar Dogon Dutsi, ofishin 'yan sanda, aka ce an tsinci gawa a hanyar Ɗan Kassari, gindin wani dutse. Alhaji Abdussalamu ne, mai fataucin wake. An buge shi a ƙeya, an tafi da sabon babur ɗinsa. Kafin Insifekta Luƙman ya isa wurin, jama'a sun riga sun yanke nasu hukuncin. Sun kama wani saurayi ɗauke da rediyo da doguwar sandar eriya, sun yi masa dukan da sai a kwance aka ɗauke shi.

Saurayin Ja'afar ne, mai gyaran wayar salula a bakin kasuwa, ɗan farin Malam Habu tela.

Malam Habu ya shiga komisariya da ƙafarsa, amma fita ta gagare shi. Dangin mamacin sun cika bakin ƙofa, wasu da sanduna. Ɗansa yana asibiti bai farfaɗo ba, an ɗaure masa ƙafa da ankwa a jikin gado. Shi kuma yana zaune a kan benci, da zaren ɗinki maƙale a rigarsa, ba gaba ba baya.

Insifekta ya sa aka shigo da shi ofis. A kan tebur ga rediyon, ga batir, ga waya a naɗe, ga wani littafin rubutu na 'yan lakkol, wato 'yan makaranta.

"Mi ya kai ɗanka bisa dutsi da wannan kaya?"

"Ranka shi daɗe, wasa ne." Malam Habu ya nuna rediyon. "Wai kowane dutsi da makinshi. In ya hau har ƙololuwa, ya kafa sandar, ya samu mutum huɗu suka amsa mashi, sai a rubuta mashi makin. In sun taru a aiko mashi da takardar yabo. Yana da izinin hukuma, na gani da idona. Yaron nan ko kaza bai iya yankawa."

Bai ambaci sunan ba. Tun da aka haifi Ja'afar bai taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba.

"Da wa yake magana?"

"Mutanen Yamai, da Turawa, da waɗanda ban sani ba."

"Waɗanda ba ka sani ba su ne damuwata, Malam. Mutane sun ce 'yan bindiga yake yi wa rahoto. Komise, shugabanmu, ya ce ƙarfe shida mota za ta tafi da shi Yamai, ko ya farfaɗo ko bai farfaɗo ba."

Malam Habu ya san abin da hakan yake nufi. Wanda aka tafi da shi da irin wannan zargi, ba a tambayar ranar dawowarsa. Ya dubi agogon bango. Uku da kwata.

Aka bar shi a kusurwa, aka shigo da Hajiya Zubaida, matar mamacin. Ta miƙa salularta ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Muna magana da shi. Ya ce ga wani yana tsai da shi, bari shi ji. Sai na ji ƙara, layin ya yanke."

Insifekta ya duba. Kiran ya katse sha biyu saura minti ashirin. Ya rubuta.

Bayan ta fita aka kawo Yasir, ɗan kabu-kabun da ya kai Ja'afar gindin dutsen da babur ɗinsa. Ya shigo yana gaishe da kowa.

"Kai ka jira shi?"

"Ni ne, shef. Ina ƙarƙashin wata adduwa ina hangen sandar tashi bisa. Sha ɗaya da minti biyar ya kwantar da ita. Ya sauko, ya ce in jira, ya zaga wajen hanya. Bai dawo ba sai ƙarfe ɗaya, yana ta zufa."

"Minti nawa ake saukowa?"

"Ashirin sun isa."

Insifekta ya buɗe littafin 'yan lakkol. An ja layuka da biro, kowane layi da lokaci da wasu haruffa da sunan gari. Na farko goma da ashirin. Na ƙarshe sha ɗaya da minti biyar. Ya juya littafin ya nuna wa Malam Habu.

"Hannun ɗanka ne?"

"Nashi ne."

"To littafinshi da shaida sun faɗi abu guda. Ya gama sha ɗaya da biyar, yana ƙasa kafin sha ɗaya da rabi, an kashe Alhaji sha biyu saura ashirin."

 Malam Habu ya sake duban agogon bango, don ba shi da wani wurin da zai duba. Can sai wani abu ya faɗo masa.

"Ranka shi daɗe, yaron nan agogo biyu gare shi a ɗaki. Ɗaya kullum yana baya da awa guda. In na gyara sai shi mayar. Ya ce mani na rediyo ne, in daina taɓawa."

"Agogon da ya lalace kake son in kai wa komise?"

"Don Allah mu je ka gani."

Insifekta ya dube shi, sannan ya ɗauki makullin mota. Aka kwantar da Malam Habu a kujerar baya, aka rufe shi da tabarma. Yana jin hannaye suna dukan jikin motar har suka wuce ƙofa.

A ɗakin Ja'afar agogo biyu ne a bango, kamar yadda ya faɗa. Dukansu suna nuna huɗu da minti goma.

Malam Habu ya dafa bango. Ya tuna. Da safe, bayan yaron ya fita, ya shigo neman almakashi, ya ga agogon a baya, hannunsa bai iya haƙuri ba.

"Ni na gyara shi," ya ce da ƙyar. "Yau da safe. Da hannuna na gyara shi."

"Malam, ka fito da ni don in ga agogo biyu masu lafiya?"

 Shekara uku Malam Habu yana faɗa da agogon nan, yau da ya ci nasara, ya rufe wa ɗansa ƙofa.

Insifekta ya juya zai fita, idonsa ya sauka a kan wata takarda da aka manna ƙarƙashin agogon. Sunaye ne, kowanne da haruffansa na rediyo da lambar salula. Ya buɗe littafin ya bi layuka da yatsa. Haruffan da ke layin goma da arba'in sun yi daidai da na wani Malam Sambo, Yamai. Ya buga lambar, ya sa a lasifika.

Muryar tsoho ce ta amsa, mai fara'a. Ya ce shi tsohon ma'aikacin gidan waya ne, rediyo ce ta hana shi tsufa.

"Kun yi magana da Ja'afar yau?"

"Ƙwarai. Ni ne na biyu cikin huɗunshi. Iska tana ta kaɗa mashi sanda."

"Ƙarfe nawa?"

"Sha biyu saura ashirin. Mai ɗakina tana tsaye a kaina wai in je in ɗauko jikoki daga lakkol, ana tashinsu sha biyu."

"Littafinshi ya ce goma da arba'in."

Tsohon ya yi dariya. "Nawa ma haka ya ce. Ɗana, mai rediyo ba ya rubuta lokacin garinsu. Duk duniya agogo ɗaya muke bi, in ba haka ba littafin mutumin ƙasar Sifen da na ɗan Nijar ba za su haɗu ba, a hana ka maki. Namu na nan yana gaban wancan da awa guda. Lafiya dai?"

"Za ta samu, Baba. Kada ka bar littafinka ya yi nisa."

Ya kashe. Ya dubi Malam Habu, wanda ya zame ya zauna a ƙasa.

"Lokacin da aka bugi Alhaji ɗanka yana bisa dutsi yana magana da Yamai. Bai gama ba sai sha biyu da biyar. Tashi, akwai wanda zan tambaya agogonshi."

Biyar ta wuce lokacin da suka koma. Motar Yamai tana tsakar komisariya ana duba mata taya. Yasir yana bakin ƙofa yana ba mutane labari a karo na nawa. Aka kira shi ciki.

"Sha ɗaya da biyar ka ce ya kwantar da sanda. A ina ka duba lokaci?"

"A salulata, shef."

"Kawo." Insifekta ya gwada ta da agogon bango. "Daidai take. To sha ɗaya da biyar ta salularka, ko magana ta farko bai yi ba. Wuri ɗaya ne a Arewa duka aka rubuta sha ɗaya da biyar, littafin nan. Yaushe ka leƙa shi?"

"Ban leƙa ba. Ƙila na manta ne, ƙila sha biyu ce."

"Ɗazu har minti ka riƙe. In yana bisa har sha biyu, kai kana ina?"

"Ƙarƙashin adduwa."

"Alhaji ya ce wani yana tsai da shi, ya tsaya. Mutum ba ya tsayawa a dajin nan sai ga wanda ya sani." Ya juya ga ɗan sandan da ke bakin ƙofa. "Buɗe kujerar babur ɗinshi."

Ba a daɗe ba ɗan sandan ya dawo da makullin wani babur ɗaure da jar fata. Aka nuna wa Hajiya Zubaida ta taga. Ta rufe fuska da mayafi.

Yasir ya durƙusa.

"Ban yi niyyar kisa ba, wallahi. Na ce mashi mai ya ƙare mani. Ya sunkuya zai zuƙo mani, na buge shi da dutsi don shi suma kawai. Babur ɗinshi yana cikin wani kwazazzabo, na rufe shi da kara. Da Ja'afar ya sauko yana murna, ya buɗe mani littafin, ya ce dubi, ya samu huɗunshi har da ƙari. Na ga lokacin ƙarshe na riƙe. Da muka iske mutane kan gawa, na ga za a tambayi wanda ke kusa, sai na nuna rediyon."

"Ya nuna maka abin farin cikinshi, ka yi mashi igiya da shi," in ji Insifekta. "A sa mashi ankwa."

Aka wuce da Yasir ta gaban bencin. Insifekta da kansa ya fita bakin ƙofa ya yi wa jama'a bayani. Sanduna suka fara sauka, mutane suka buɗe hanya, babu wanda ya iya haɗa ido da telan da ya fito a bayansa.

Motar Yamai ta tafi ba tare da Ja'afar ba.

Washegari da hantsi Ja'afar ya buɗe ido. Babu ankwa a ƙafarsa. Mahaifinsa yana gefen gadon, da rigar jiya a jikinsa. Ja'afar ya motsa kumburarren bakinsa.

"Baba, ƙarfe nawa?"

Malam Habu ya ɗago wani abu daga cinyarsa. Agogon bangon ɗakin ne, ya mayar da shi baya da awa guda.

"Na garinmu tara, Ja'afar," ya ce. "Naka takwas."