Dutsen Da Ke Ɗauke Da Sunan Orval

"Mama, na ga dutsen."

Hulda ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da feraye dankalinta.

"Wane dutse kuma, 'yata?"

"Kada ki sake ce min 'yata! Dutsen da ke gefen kabarin Baba, a bayan cocin ƙauyenku... mai sunan Orval!"

Tun da Verna ta shigo gidan nan tana amarya, ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba sai yau.

Orval mijinta ne, ɗan Hulda tilo. Ko ɗokin aure bai sake su ba aka ɗauke shi soja, aka ɗora shi kan bindiga a wutsiyar jirgin da ke jefa bama-bamai a Jamus. Wata rana jirage suka dawo babu nasu. Ba gawa, ba labari. Da yaƙi ya ƙare samarin garin suka dawo, sai Hulda ta kama hannun Verna ta ce, "Ɗana yana raye, jikina ya ba ni. Ki yi min alkawari za ki jira shi."

Ta yi alkawarin, ta kuma riƙe shi shekara da shekaru. Ita ce tatsar shanu, ita ce faskare a sanyin jihar Minnesota ta Amurka. Har Delbert, makanikin da ke gyara musu tarakta, wanda zuciyarta ta kamu da sonsa, haka ta yi ta ba shi haƙuri, tana shiga ɗaki tana kuka.

Duk shekara Hulda ita kaɗai take zuwa ziyarar kabarin mijinta. Bana ƙafa ta kwantar da ita, sai Verna ta ɗauki furanni ta tafi ba ta faɗa ba, don ta faranta mata. Can ta tarar da sunan Orval a kan irin dutsen da ake kafa wa matattu.

"Har gansakuka ta rufe shi, Mama. Yaushe kika kafa shi?"

Hulda ta ajiye wuƙar. "Shekarar da aka gama yaƙi..."

"Wayyo Allah! Ashe kin yi kukanki kin gama, ni kika bar ni ina gudu tasha duk ranar da aka ce sojoji sun sauka!"

"Da na faɗa miki, tafiya za ki yi. Ubansa ya rasu, shi ya tafi... wa zai rage min?"

"Ai da roƙona kika yi, da na zauna! Delbert da bakinsa ya ce zai tare a nan mu riƙe ki. Kika ce ba namijin da zai shiga ɗakin ɗanki yana raye. Kika kalli idona kika ce yana raye, Mama!"

Tsohuwar ta miƙo hannu. Verna ta kauce, ta haura sama ta haɗa kayanta a akwati ɗaya. Tana ji Hulda na ƙwala mata kira, ba ta waiwaya ba.

Ba ta yi nisa a kan titi ba wata motar a-kori-kura ta tsaya a gefenta. Delbert ne. Kusa da shi matar da ya aura bara ce, da tsohon cikinta.

"Verna? Ina zuwa da akwati haka?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ko an samu labarin Orval ne?"

Ta buɗe baki, maganar da ba ta taɓa furtawa ba ta fito da kanta.

"Orval ya rasu, Delbert. Ya daɗe da rasuwa."

Ya cire hularsa, ya kalle ta, ya kalli matarsa. Matar ce ta buɗe ƙofa ta matsa.

"Shigo, 'yar'uwa, mu kai ki tasha."

Verna ta shiga ta zauna a gefenta, ta ɗora akwatin a cinya ta kifa kai, ta fashe da kuka. Har suka isa babu wanda ya ce da ita ta yi shiru.